Ƙasusuwan Unguwa a Ƙarƙashin Gadona

Jama'a, kwana da kwanaki ke nan ina cikin zullumi, ko tuwo na kai baki ba na jin ɗanɗanonsa. A ƙarƙashin gadona akwai wata ƙatuwar jakar bakko cike da ƙasusuwan mutane. Kada hankalinku ya tashi, ba kisa muka yi ba. Hotunan asibiti ne, irin baƙaƙen nan da ake ɗagawa a haske: na ƙirji, na ƙafa, na ƙugu, har da na ƙoƙon kai. Babu ko ɗaya da na san mai shi. Kuma a cikinsu nake neman ƙugun uwar mijina, Kaka, wanda likita ya ce lallai mu zo masa da shi ranar Alhamis, tare da takardar bayanin da aka rubuta a kansa. Ya ce da tsohon zai gwada sabon da za a ɗauka, ya ga ko ƙashin ya ƙara cinyewa, don a san aiki za a yi mata ko magani ya isa.

Sunana Yagana, a Fagge nake aure. Wanda ya jefa ni cikin wannan kuwa ba bare ba ne, ɗana ne na biyu, Abdulƙahhar, mai bi wa 'yata Jawahir. Yaron nan yana da kirki, ba ya shaye-shaye, ba ya rashin kunya. Ciwonsa ɗaya ne: duk abin da ya kalla a waya da safe, kafin la'asar ya zama gwaninsa. Shi ne bara ya haɗa injin ƙyanƙyasa da kwali da ƙwan lantarki, ya karɓe ƙwan zabin maƙwabta, washegari muka ci dafaffen ƙwai gida-gida.

Bana kuma ya yi wani kwas a waya, ya shigo tsakar gida yana tafiya kamar ƙasa ta yi masa kaɗan.

"Umma, na gano matsalar ƙasar nan."

"Allah ya sa ba ƙwai a ciki," in ji Kaka daga kan tabarmarta.

"Kaka, maganar ilimi ake. Mutum zai je asibiti a yi masa hoto, a rubuta masa bayani a takarda. Bayan shekara hoton yana ƙarƙashin katifa, takardar an naɗe gyaɗa da ita. To ni zan haɗa manhaja mai ƙirƙirarriyar basira. Ki nuna mata hoto kawai, ita za ta zaƙulo takardarsa ko cikin dubu ne. Asibitocin Kano layi za su yi a ƙofar gidan nan."

"Wace ce kuma Basira?" in ji Kaka. "'Yar gidan wa?"

"Kwamfuta ce mai tunani, Kaka."

"To da sauƙi. Gara a samu mai yi a cikinku."

Ni dai karatuna bai yi nisan da zan ja da shi ba. Na ce Allah ya taimaka.

Sai ya ce manhajar ba za ta koyi aiki ba sai ta ga hotuna da yawa. Ya shiga gida-gida, daga layinmu har Rijiyar Lemo, ya tsallaka Sabon Gari. Ban taɓa sanin haka mutane ke ajiye hotunan asibiti ba sai lokacin. Wani a saman sif, wani a ƙasan akwatin aure, wani tare da takardun gida. Ba mai kallonsu, amma ba mai yarda ya yar. Kowa kuma in zai miƙa sai ya ce, "Don darajar mahaifiyarka na ba ka." Malam Sammani mahauci ya ba da na ƙirjinsa. Aminiyata Ifeoma, wadda muka fi shekara ashirin ina sayen manja da kayan miya a wurinta a kasuwar Sabon Gari, ta ba da na mijinta Boniface, wanda babur ya taɓa karya wa ƙwauri aka saka masa ƙarfe. Ta haɗa masa har da sikanin juna biyu na surukarta, matar ɗanta. Kaka ce ta yi gardama, ta ce ƙashinta ba na aro ba ne. Ya sayo mata balangu mai taushi, ya zauna yana mata kirari, kafin ta gama suɗe yatsa ambulan ɗin ya bar akwatinta.

Ranar wata Talata na dawo daga gidan suna, na tarar da shi zaune a tsakar gida da almakashin babansa, babban nan na yankan yadi da yake zuwa da shi Kantin Kwari. Yana ɗaukar hoto, ya datse kusurwar da aka rubuta suna, ya jefa a baho. Ya ɗauki takarda, ya datse samanta, ya jefa a wani bahon.

"Kai! Me kake yi haka?"

"Ƙa'idar aikin ke nan, Umma. Darasi na farko a kwas ɗinmu: a cire sunan majiyyaci. Sirrin mutane amana ne."

"To in ka cire, ta yaya za ka mayar wa kowa nasa?"

Ya yi min irin dariyar da ake yi wa yaro. "Ai abin da na ƙera ke nan. Suna na masu aikin hannu ne. Manhajata ƙashi take karantawa."

"Ina ambulolin?"

"Su ma da suna a jiki."

Ya nuna min kurfoti. Da su da guntayen da ya yanke ya hura gawayi, har ya ɗora ruwan shayi. Sannan ya zuba hannu cikin bahon nan ya cakuɗa hotunan kamar mai wankin shinkafa, wai don kada a ce ya yi maguɗi. Da na ga yadda yake magana ba ko ɗar, sai na ce wataƙila ni ce ban sani ba.

Saura shigar da hotunan cikin kwamfuta. A asibiti akwai akwatin haske da suke maƙala su. Mu ba mu da shi, wuta ma sai an ga dama. Sai ya ce ai Allah ya ba mu rana kyauta. Tagar ɗakin Kaka ce ta fi samun haske, don haka can ya tare. Ya manna hoto a jikin tagar, ya ɗauka da waya, ya ajiye, ya ɗauko wani. Yini guda yana yi, Kaka tana mita ya tare mata iska.

Da yamma ya yi gwaji. Ya zaɓi hoton wata ƙafa, ya danna. Kwamfuta ta yi ɗan tunani, sai ga takarda ta fito a gefe. Ya karanta, ya fassara mana: "Namiji. Karaya a ƙwauri. An saka ƙarfe."

Ya daka tsalle har hularsa ta faɗi. "Oga Boni! Wallahi ƙafar Oga Boni ce! Umma, kin gani? Ba suna, ba komai!"

"Gwada wani mana," na ce.

"Umma, mai shakka shi ke maimaita gwaji. Sauran a gaban jama'a za a yi."

Kafin Asabar ya sayo farar rigar likita a gwanjo, hannunta ya wuce yatsunsa. Ya sa an buga ƙyalle da hotonsa ya riƙe haɓa. Ya hana kowa kiransa Abdul, sai Injiniya. Boniface kuwa da ya ji ƙafarsa ce ta fara cin jarrabawa, daɗi ya kama shi, ya ce a yi taron a ƙofar shagonsa na kayan gyaran mota a Sabon Gari, shi zai ba da janareta da kujeru. Aka aro ƙatuwar talabijin daga gidan kallon ƙwallo. Duk wanda ya ba da hoto ya zo, har da waɗanda ba su ba da ba. Kaka ta ce ko a daidaita-sahu sai an kai ta, ta ga abin da aka yi da ƙugunta. Muka zaunar da ita a gaba.

Injiniya ya yi jawabi mai tsawo. Ya ce daga yau ɓatan takarda ya ƙare a Afirka. Ya ce wasu ƙasashe za su nemo shi, amma shi ba zai manta da unguwa ba. Sannan ya nuna ƙafar Boniface, takarda ta fito, aka yi tafi. Boniface ya miƙe ya naɗe wando yana nuna tabon, yana juyawa kowane ɓangare.

"Na gaba!" in ji Injiniya.

Hoton ƙirji ya fito, haƙarƙari reras. Kwamfuta ta yi tunaninta. Ya buɗe baki zai karanta, sai ya tsaya.

"Karanta mana," in ji Ifeoma. Sai ta matsa ta karanta da kanta, don ta fi shi Turanci. "Namiji. Karaya a ƙwauri. An saka ƙarfe."

"A'a," in ji Boniface. "Ni ba a taɓa ɗaukar ƙirjina ba."

"Sistam ɗin yana ɗumama ne," in ji Injiniya. "Na gaba."

Tafin hannu. Namiji, karaya a ƙwauri, an saka ƙarfe.

Ƙoƙon kai. Namiji, karaya a ƙwauri, an saka ƙarfe.

"Baban Favour," in ji wani mai gyaran taya daga baya, yana nufin Boniface, "babur ne ya buge ka ko jirgin ƙasa?"

Zuwa hoto na gaba mutane ba sa jiran kwamfuta. Da hoto ya fito sai su haɗa baki kamar 'yan makaranta: "Namiji! Karaya a ƙwauri! An saka ƙarfe!" Gumi ya jiƙa farar rigar nan. Ya yi ta danne-danne, hannun rigar yana share madannai.

Sai ga sikanin ciki, ɗan tayi kwance ya dunƙule. Kwamfuta ta yi tunaninta. Takarda ta fito. Ita ce dai.

Wallahi har masu shagunan tsallake sai da suka fito. "Barka, Oga Boni!" "Allah ya raba lafiya!" "Yaushe ne suna, mu yi anko?"

Ifeoma ta riƙe ƙugu ta dubi mijinta sama da ƙasa. "Boniface, shekara talatin ina ce maka tumbin nan ba na sakwara ba ne. Ashe ɓoye min kake."

"Ke ma har da ke?" in ji shi. Ya juya kan ɗana. "Injiniya, ka cire ni daga cikin injin nan yanzu-yanzu."

Maimakon ya kashe, sai ya ce a tsaya, shi zai karanta hoton da idonsa, don kwas ɗin ya haɗa da wannan. Ya dawo da hoton ƙirjin nan. Malam Sammani mahauci ya miƙe ya ce kamar nasa ne, don shi ma faɗin ƙirji gare shi. Injiniya ya ɗauki eriyar mota daga shagon yana nunawa.

"Kun ga wannan doguwar inuwar da ta ratsa daga sama har ƙasa? Ƙarfe ne. Manhaja ba ta yi ƙarya ba. Malam Sammani, akwai ƙarfe a ƙirjinka."

"Ƙarfe? Daga ina?"

"Kai za a tambaya, kai ke aiki da wuƙaƙe. Sannan ga wasu ƙulalai a jere a gefen huhu, sun yi zobe. Duwatsu ne. Ban taɓa ganin masu yawa haka ba."

Malam Sammani ya koma kan kujera daɓas. Ya fara salati. Ya ce dama tun azumi yake jin nauyi a wajen. Ya kama hannun na kusa da shi ya ce a gaya wa iyalinsa ya yafe musu, teburinsa na kasuwa kuma a bar wa ƙaninsa. Wata mata ta fara fifita shi da murfin kwali.

Duk wannan abin Kaka tana ta leƙen talabijin, ta runtse ido ɗaya. Sai ta nuna da sandarta.

"Kai, Audu. Wannan ba carbina ba ne?"

"Kaka, don Allah ana aiki."

"Carbina ne mana, ga tuntunsa nan. A jikin ƙarfen tagata nake rataye shi. Ga ma ƙarfen nan da ya lanƙwashe tun shekarar da akuya ta maƙale. Ashe shi ya sa na yini ina nemansa ka tare wurin."

Aka dawo da hotunan baya ɗaya bayan ɗaya. Tafin hannu, ga ƙarfen tagar Kaka. Ƙoƙon kai, ga ƙarfen tagar Kaka. Har ɗan tayin nan, da yake takardar sikanin ba ta da kauri, inuwar ƙarfen ta ratsa shi. Ashe duk hoton da aka nuna wa kwamfutar ƙarfe take gani, takardar da ta ambaci ƙarfe kuwa guda ɗaya ce tak a cikin bahon.

Malam Sammani ya buɗe ido. "Wato ba ni da duwatsu?"

"Carbi gare ka," in ji Ifeoma. "Tashi ka karɓe teburinka kafin ƙaninka ya ji labari."

Da a nan ɗana ya tsaya, da da sauƙi. Sai ya ce ƙaramar matsala ce, yanzu zai sake ɗauka ba taga. Ya zaro hoto daga baho, ya fita tsakiyar titi, ya ɗaga shi sama saitin rana, ya ɗauka da waya. Wanda ya san Sabon Gari ya san samanta: wayoyin lantarki ne a saƙe kamar taliya. Hoto ya shiga kwamfuta, jama'a suka ja numfashi, suka haɗa baki tun kafin ta gama tunani. Kuma ba ta ba su kunya ba.

"Haske ne bai yi daidai ba!" in ji shi. Ya ruga cikin shago, inda Boniface ke da wata fitila mai zafi da yake duba cikin inji da ita. Ya manna wani hoton a jikinta yana neman saiti. Muna kallo hoton ya fara lanƙwashewa, ya yi ƙudundune kamar ganda a wuta, wari ya tashi.

Na ce, "Na mene ne wannan ɗin?"

Ya duba abin da ya saura a hannunsa. "Kamar ƙugu ne, Umma."

Na zauna a kan wata tsohuwar taya ina addu'ar Allah ya sa ba na Kaka ba ne.

Nan fa kowa ya ce a ba shi nasa. Aka yi wa bahon nan rubdugu. "Ba ni ƙirjina!" "Wa ya ga gwiwar maigidana?" Babu suna ko ɗaya. Manya-manyan magidanta suna kara hoto a jikinsu suna tambayar na kusa ko ya yi daidai. Wasu mutum biyu suka kama ƙashin baya guda suna ja, kowa na rantsuwa nasa ne, ɗaya ya ce ai shi ya san inda yake masa ciwo. Malam Sammani ya ɗaga ƙirji uku a rana, ya zaɓi wanda ya fi haske ya ce shi wannan zai ɗauka, ya fi lafiya. Boniface kaɗai ya samu nasa cikin sauƙi, ya rungume ƙafarsa da takardarsa ya shige shago ya ja ƙofa.

Ifeoma ce ta daka tsawa ta ƙwace komai, har na hannun Malam Sammani. Ta ce ba wanda zai kai wa likita ƙashin wani a ba shi maganin da ba nasa ba. Ta tattara hotuna da takardu ta ɗura a jakar bakko, ta ja zif, ta ajiye a gabana.

"Maman Jawahir, ba don yaron nan muka bayar ba, don ke muka bayar. Ke muka sani."

Na waiga neman Injiniya. Farar rigar kawai na gani a rataye a jikin kujera.

Tun ranar gidana bai huta da sallama ba. Mutum zai zo mu gaisa, ya tambayi Kaka da jiki, ya tambayi yara, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "To, ya labarin haƙarƙarin nawa?" Boniface ya aiko a gaya min ba ya fushi da ni, amma har yau in ya ratsa kasuwa sai an tambaye shi ya mai jego. Baban yaran nan ya ɗauke almakashinsa ya koma ajiye shi a shago. Na je ɗakin hoton da aka yi wa Kaka nata ko suna da kwafi, na tarar wurin ya zama shagon sayar da katifa.

Shi kuwa gogan ranar taron ya dawo gida da magariba kamar ba abin da ya faru. Ya ce manhajarsa ba ta yi kuskure ba, ƙarfe aka nuna mata ta ce ƙarfe, wannan ai nasara ce. Laifin taga ne. Shekaranjiya na dawo daga kasuwa na tarar ya kawo mai walda zai cire ƙarfen tagar Kaka. Da sanda ta raka su har zaure, ita da ke cewa ba ta iya taka ƙafar.

Na zazzage jakar nan na ware duk hotunan ƙugu. Guda uku ne, ban da wanda ya ƙone. Takardun da suka yi maganar ƙugu kuma Jawahir ta karanta min su, duk kusan abu ɗaya suke faɗa da Turancin likitoci, wata ta ce ya ɗan cinye, wata ta ce ya cinye sosai. Na shimfiɗa hotunan a gaban Kaka na ce ko za ta gane nata. Ta daɗe tana dubawa, ta nuna na tsakiya.

"Wannan."

"Kin tabbata, Kaka? Ta yaya kika gane?"

"Ban gane ba. Ya dai fi sauran kyan tsari. In za a ba ni zaɓi shi nake so."

To jama'a, ga Alhamis ta ƙarato, ni kuma kaina ya kulle. In ɗauki na tsakiyar in kai, alhali wataƙila na wani ƙato ne mai ɗaukar buhu a Kwari, likita ya ce tsohuwa ta warke a sallame ta da ciwonta? In ɗauki wani, ya zama na wanda nasa ya fi lalacewa, a yanka min uwar miji a banza? Ko in saɓi jakar gaba ɗaya in dire a teburin likita in ce ya zaɓa, in kwashi kunyar a gaban layin marasa lafiya? Abdulƙahhar ya ce kada in damu, ya sake tambayar manhajar a kan duka ukun, kuma ta ba shi amsa ba ko shakka.

Ku ba ni shawara don Allah. Kaka zan kai asibitin nan ranar Alhamis, ko Boniface?